Ganye Mai Gashi

Tarin Baba ya fara ne da sussukar shinkafa ta ƙarshen shekarar 2023, kuma babu ɗayanmu da ya ɗauke shi a bakin komai. A Sharabi, in kaka ta yi, hunturu ya busa, kowa tari yake yi. Ƙaiƙayi na tashi daga masussuka, hazo na saukowa daga arewa, hayaƙin murhu na cika ɗakuna saboda an toshe tagogi don sanyi. In ka tsaya a masallaci da asuba, kafin liman ya tayar da kabbara za ka ji sahu guda yana gyaran murya kamar an haɗa baki. To wa zai ware tarin dattijo ɗaya daga cikin wannan taro ya ce shi daban ne?

Mu shida ne 'ya'yansa. Uku suna gida, biyu suna Birnin Kebbi, babbanmu kuma, Yaya, ya fi shekara goma yana neman kuɗi a Legas. Abin da ke haɗa mu kullum shi ne zauren WhatsApp na gida, inda ake gaisuwar safe, ana tura hotunan jarirai, ana kuma rigima a kan wanda bai kawo kuɗin taki ba. A nan ne autarmu ta fara rubuta cewa Baba bai runtsa ba jiya. Muka jera sannu da addu'o'i, kowa ya koma harkarsa.

Inna ce ta fara tashi tsaye, kuma ta yi abin da ta ga uwarta tana yi. Ta aiki yara bayan gari suka karyo sabara. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san ta: gajeren itace mai ganye toka-toka da ke cika saurar da ta gaji da noma, wanda Fulani ke ce wa geloki. Da ita ake wankan jego, ita ake jiƙa wa mai gudawa, ita ce kuma ta farko in ƙirji ya kama. Inna ta tafasa ganyen da citta da kanumfari, ta tace, ta zuba zuma, da dare kuma ta lulluɓe Baba da bargo ya yi sirace. Da sabara ta yi kwana goma ba ta gama aiki ba, aka ƙaro sassaƙen marke. Kawu ya kawo bagaruwa ya ce a riƙa tsotsa. Tarin kan lafa kwana biyu, sannan ya dawo.

Daga nan muka koma wa maganin bature. Mu mutanen bakin iyaka ba ma rasa magani, abin da muke rasawa shi ne mai gaya mana ko na mene ne. Ranar kasuwa, ko a Lolo ko a Tsamiya, za ka ga kwalabe da ƙwayoyi a kan tire, wasu da rubutun Turanci, wasu da na Faransanci da suka tsallako daga Benin, rana na dukansu tun hantsi. Mun sayi ruwan maganin tari kala uku. Mun sayi kafso na kwana biyar, Baba ya sha na kwana uku ya ce ya ji dama. Har wani ya raɗa mana cewa akwai mai kodin, wanda gwamnati ta hana tun 2018, in muna so a samo. Wannan kam Allah ya tsare, ba mu karɓa ba.

Ana cikin haka, a watan Janairu, Yaya ya turo bidiyo. Wata Baturiya ce a cikin kicin fes-fes, riƙe da kofin gilashi, a gefenta kuma zanen huhu baƙi ƙirin yana washewa a hankali har ya koma ja kamar na ɗan rago. Wani ya ɗora muryar Hausa a kai, yana cewa wannan ganye yana wanke huhu, yana fitar da majinar shekara ashirin, likitoci ne ba sa so a sani. A jikin ledar an rubuta Mullein. Mu muka riƙa ce masa mulen.

"Na saya wa Baba leda uku," in ji Yaya. "Zan ba direba gobe."

Kuɗin da ya faɗa ya kusa sayen buhun taki. Ba mu ce masa ya yi ɓarna ba. Tsadar ma ita ta kwantar mana da hankali, don a wurinmu abin da aka karya a bayan gari kyauta ba zai taɓa kamo abin da ya keto teku ba. Kuma akwai wani abu da babu wanda ya furta: Yaya ya kusa shekara uku bai zo gida ba, ledojin nan su ne zuwansa.

Ranar da saƙon ya iso, Inna ta buɗe leda ɗaya, ta ɗebo kaɗan a tafin hannu, ta murza, ta sansana. Busasshen ganye ne mai laushi, kamar an gauraya shi da auduga.

"Wanga ganye gashi gare shi," in ji ta. "Na Legas ya aiko?"

Ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba, ɗan fari ne. Muka ce shi ne.

"To mi ya fi sabara da shi?"

Muka yi dariya, muka ce Inna ke nan, wannan fa daga Turai yake. Ba ta ƙara magana ba, ta ɗora ruwa.

Kofin farko ya kusa ba mu kunya. Da matacin shayi muka tace, Baba ya kurɓa sau uku sai ya sarƙe, ya yi ta tari har idanunsa suka kawo ruwa, yana nuna maƙogwaro yana cewa kamar ya haɗiyi ƙaiƙayi. Inna ta karɓi kofin, ta ɗaga shi a rana, ta ga gashin yana yawo a saman ruwan. Ta ɗauko farin ƙyalle irin wanda take tace ƙullun koko da shi, ta ninka biyu, ta sake tacewa. Ita da ba ta ga bidiyon ba, ita ta gano abin da mai bidiyon bai faɗa ba.

Daga nan kuwa ganyen ya yi aiki. Wannan ne ɓangaren labarin da ya fi yi mana wuyar faɗa, domin da bai yi komai ba, da tuni mun ajiye shi mun nemi wata hanya. Baba ya fara samun barci. Kakin da ke maƙale masa ya riƙa fitowa ba tare da ya yi ta kokawa ba. Muryarsa ta saki. Autarmu ta ɗauki muryarsa yana sa wa Yaya albarka ta tura zaure, muka cika shafin da hamdala. Safe da yamma, kofi ɗaya-ɗaya, har wata biyu.

Sai daga baya, bayan abin da zai faru ya faru, biyu daga cikinmu suka zauna suka bi diddigin wannan ganye, don mu san ko mene ne muka ɗura wa mahaifinmu. Abin da suka samo bai nuna ɗan damfara ba ne. Shuka ce ta gaske, mai dogon tarihi. Asalinta Turai da arewacin Afirka da Asiya, daga can aka kai ta Amurka ta bazu kamar ciyawa. Masana na kiranta Verbascum thapsus. Shekara biyu take rayuwa: a ta farko tana kwance a ƙasa da manyan ganyaye masu gashi, a ta biyu ta fitar da kara guda miƙaƙƙe da kan kai tsawon mutum ko ya wuce, da furanni ruwan ɗorawa. Mutanen da can sukan tsoma busasshen karan a kitse su kunna shi ya zame musu fitila. A bakin hanya da kufai take fitowa, wurin da ƙasa ta lalace. Da muka ji haka sai muka kalli juna. Ashe sabarar Turawa ce.

Yadda take aiki ma babu asiri a ciki. Akwai yauƙi a jikinta, dangin na kuɓewa da karkashi, shi ke shafe maƙogwaron da tari ya kankare har mutum ya ji sanyi. Akwai kuma wani sinadari mai kumfa kamar sabulu, wanda ake kyautata zaton yana taimaka wa majina ta saki. Iyakar abin ke nan. Shayi ta maƙoshi yake bi ya sauka ciki, ba ya ratsawa ta huhu balle ya wanke shi kamar ana wanke tukunya. Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta yarda a yi amfani da furen shukar, bisa dogaro da daɗewar da aka yi ana shan sa, don rage ciwon maƙogwaro da busasshen tari na mura. Furen ta ambata, mu ganye muka samu. Ta ce kada a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 12, ba ta kuma ba mai ciki da mai shayarwa shawarar sha ba, saboda ba a yi binciken da zai tabbatar da lafiyarsu ba. Sannan ga sharaɗin da ya fi sosa mana rai: in ciwon ya wuce mako ɗaya, ko aka ga zazzaɓi, ko numfashi yana wuya, a je a ga likita. Mako ɗaya. Mu mun yi takwas.

Akwai wasu abubuwan da ya kamata mai saye ya sani, tunda yanzu ledojin sun cika shafukan masu talla. 'Ya'yan shukar ba abin ci ba ne, a wasu ƙasashe da su ake bugar da kifi a ruwa, kamar yadda masuntanmu na da suka san magimfa. Ganyenta na shekarar farko yana kama da na wata shukar Turai mai dafi, dijitalis, wadda ake ciro maganin zuciya daga jikinta, kuma kaɗan daga cikinta kan iya kashe mutum. In ganye ya bushe an daddatse shi an zuba a leda, wa zai bambance? Dogaronka kawai ga amanar wanda ya tsinko ne, shi kuwa ba ka san shi ba. Man mulen da ake ɗigawa a kunne bai halatta ga kunnen da ke zubar da ruwa ba, don wataƙila dodon kunnen ya huje. Ledar da ta zo mana babu lambar NAFDAC a jikinta. Ko da akwai, a kan maganin gargajiya lambar tana nufin an duba ba a ga cutarwa ba ne, ba shaida ba ce cewa yana warkar da abin da aka lissafa.

Amma duk wannan karatun bayan fage ne. A watan Fabrairu ba mu san ko ɗaya ba, kuma ba mu nema ba.

Abin da muka sani, wanda muka gani da idanunmu, shi ne Baba yana ramewa. Zariyar wandonsa sai da aka ƙara ɗaurewa. Hular da ya yi shekaru yana sawa ta fara sauko masa har kunne. A tsakiyar sanyin da kowa ke neman bargo na biyu, shi sai ya farka cikin dare rigarsa sharkaf da zufa. Da yamma jikinsa ya yi ɗumi. Tuwon da ke ƙarewa a kwanonsa ya koma ana mayar da rabi. Kowace alama muka samo mata uzuri. Rama ta tsufa ce. Zufa kuwa alamar magani na fitar da dattin jiki ne, haka mai bidiyon ya ce. Rashin ci kuma ai dattijai haka suke.

Gwaggo ce ta fara kiran abin da sunansa. Ta zo gaisuwa, ta zauna da ƙaninta na ɗan lokaci, da ta fito ta ja biyu daga cikinmu bayan rumbu.

"Ku ba ku da idanu? Haka kakanku ya yi. Wanga tarin fuka ne."

Muka ce Gwaggo ki daina, Allah ya kiyaye, ai ya samu sauƙi. Ta girgiza kai ta tafi. Ba mu rubuta maganarta a zaure ba.

Ya kamata mu faɗi dalili, ko da ba zai yi mana daɗi ba. A garinmu tarin fuka ba ciwo ba ne kawai, suna ne da ke manne wa gida. Mun taso mun ga yadda ake ware wa mai shi kofi da kwano, yadda masu gaisuwa ke tsayawa daga bakin ƙofa, yadda ake cewa gadonsa ake yi, wai yana bin jini. Wasu kuma da sun ji sai su haɗa shi da wata cutar da ba a son ambata. Ga shi an sa ranar auren autarmu bayan ƙaramar Sallah, dangin mijin suna zuwa suna komawa. Babu wanda ya ce mu ɓoye. Babu wanda ya ce a bari sai bayan biki. Kowa dai ya yi shiru a wuri ɗaya, kuma shirun mutum shida yana da nauyi. Kofin mulen na safe da na yamma shi ya ba mu abin fakewa. Muna ba shi magani ai. Mai tsada ma.

Azumi ya kama a watan Maris na 2024. Baba ya rantse ba zai sha ko ɗaya ba, shi da bai taɓa ajiye azumi ba tun yana saurayi. Aka mayar da shayin lokacin sahur da buɗa-baki. Wata rana da la'asar, muna tsakar gida ana gyaran kayan shan ruwa, rediyon Baba na kunne a gindin darbejiya, sai aka shiga wani shiri na ranar tarin fuka ta duniya, wadda ake yi duk 24 ga Maris. Likitan da aka gayyato ya jera alamomin ɗaya bayan ɗaya: tarin da ya kai mako biyu, zazzaɓin yamma, zufar dare, rama. Ya ce gwaji kyauta ne, magani kyauta ne. Babu wanda ya ɗaga kai daga abin da yake yi. Baba da kansa ya miƙa hannu ya canza tasha.

Kwana huɗu bayan haka, jikarsa ta fito daga ɗakinsa riƙe da gwangwanin da yake tofa kaki a ciki. Shekararta huɗu, ɗiyar ɗayanmu ce, kuma tun da aka yaye ta a ɗakin kakanta take kwana, ita ce 'yar lelensa, matarsa ta wasa. Ta miƙa wa Inna gwangwanin.

"Inna, Baba ya sha zoɓo bai ba ni ba."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Daren nan zauren gida ya kama da wuta. Na Birnin Kebbi suka ce tun yaushe ake gani ba a faɗa musu ba. Na gida suka ce ku da kuke kusa da manyan asibitoci sau nawa kuka zo. Yaya ya ce wataƙila dattin ne ke fita, a ƙara mako ɗaya, akwai sauran leda guda. Autarmu, wadda dominta muka yi shirun, ita ta kashe maganar. Ta ce in auren ne a fasa, ita ubanta take so. Bayan ta rubuta haka babu wanda ya sake cewa uffan.

Shawo kan Baba ya fi haka wuya. Ya ce shi ba ya zuwa a tona masa asiri a gaban yara. Inna ce ta shiga ta rufe ƙofa. Ba mu ji duk abin da ta ce ba, abin da ya fito ta tagar kawai shi ne, "Malam, in ba don kanka ba, don yarinyar nan da ke kwana bayanka." Da safe ya fito da babbar rigarsa.

Ma'aikaciyar lafiyar da ta karɓe mu a asibitin gwamnati ba ta kai wasunmu shekaru ba. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi tun yaushe. Muka ce wata ɗaya. Baba ya ce wata huɗu. Ta tambayi abin da aka sha, muka lissafa, da muka zo kan mulen muka fito da ledar muna jiran faɗa. Ta juya ta gaba da baya, ta mayar mana.

"Ba shi ya sa wa Baba ciwo ba," in ji ta. "Amma tari ɗan aike ne. Kun rufe wa ɗan aike baki, wanda ya aiko shi yana nan yana aikinsa."

Ta ba shi ɗan kofin roba mai murfi ya tofa kaki. Aka kai wa na'urar da ake kira GeneXpert, wadda ke neman ƙwayar cutar a cikin kaki, ta kuma nuna ko tana jin babban maganin ko ta bijire masa. Da sakamako ya fito, ƙwayar tana nan. Sa'ar da muka ci ita ce irin mai jin magani ce. Ma'aikaciyar ta yi mana bayani dalla-dalla. Ba gado ba ne, ba kuma ta kofi ko kwano ake ɗauka ba, ta iska ce, a ɗakin da aka rufe tagogi mai ciwo na tari. Wata shida za a yi: biyun farko magunguna huɗu a haɗe, huɗun ƙarshe biyu. Kullum, ba fashi, ko da ya ji ya warke, don mai tsayawa a tsakiya shi ke koya wa ƙwayar taurin kai. Fitsarinsa zai koma ja, kada mu tsorata, aikin ɗaya daga cikin magungunan ne. Amma in idonsa ya yi rawaya ko amai ya dame shi a dawo da shi nan take, domin magungunan suna da nauyi a kan hanta. Saboda hantar ne ma ta roƙe mu a ajiye duk wani jiƙo da sassaƙe har a gama, na Turai da na gida.

Sannan ta tambayi su wa ke kwana a ɗakinsa.

Dukanmu na gida aka duba. Yarinyar ba ta da alamun ciwon, amma saboda ƙanƙantarta da kusancinta da shi aka ɗora ta a kan maganin rigakafi na watanni. Ranar da aka fara ba ta, tana kuka tana tofarwa ana danne ta, ubanta ya fita bayan gida ya daɗe bai dawo ba. Wata biyun da muka yi muna murnar Baba yana barci, ita tana kwance a bayansa cikin ɗakin da muka toshe wa taga da tsumma don kada sanyi ya tayar masa da tari.

Azumin kuwa limamin unguwa ne ya raba gardama. Ya zo har gida ya tuna wa Baba cewa Allah da kansa ya yi wa marar lafiya rangwame, ya rama in ya warke. Baba ya sha sauran kwanakin yana ƙunƙuni.

Yaya ne abin ya fi ci. Ya yi kwana uku bai ce komai a zaure ba, sannan ya kira ɗayanmu cikin dare yana cewa shi ya kusa kashe Baba da kuɗinsa. A ƙoƙarin lallashinsa ne aka shiga binciken da muka ambata, a nan kuma aka ci karo da labarin da ya rage masa nauyi, ko da yake mu ya ƙara mana. Ashe ba mu ne farkon waɗanda suka tari tarin fuka da wannan ganye ba. A ƙasar Ailan, a ƙarni na 19, lokacin da cutar ke cinye gidaje, talakawa sukan noma mulen a bayan ɗaki, su tafasa ganyen a madara su ba masu ciwo. A 1883 wani likita a Dublin mai suna Quinlan ya gwada shi a kan majinyatansa, ya rubuta a mujallar likitocin Birtaniya cewa tarinsu ya yi sauƙi, wasu har sun ƙara nauyi. Mu dai muna zargin madarar tana da hannu a ƙibar, amma bar wannan. Shekara guda kafin nan, ranar 24 ga Maris 1882, Robert Koch ya sanar a Berlin cewa ya gano ƙwayar da ke haddasa cutar. Ganyen ya ci gaba da sanyaya maƙogwaro, ƙwayar ta ci gaba da kisa, har sai da aka samo magungunan da ke kashe ta daga shekarun 1940. Su mutanen Ailan na wancan zamani ba su da wani abin da ya fi ganyen. Mu muna da shi, kyauta, tafiyar da ba ta kai yini ba. Kuma ba mu kaɗai ke wannan jinkiri ba: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.25 cutar ta kashe a 2023, Najeriya kuma tana cikin ƙasashen da suka fi yawan masu ita.

Wani abin da muka tsinta a hanya ya ba Inna dariya. A Senegal, inda ake ce wa sabara nger, har ruwan maganin tari ake yi da ita a zuba a kwalba. Ta ce to a gaya wa na Legas, in ya ga dama ta cika masa buhu ya kai wa Turawan, su ma su ɗanɗana tsada.

Auren ba a fasa ba. Autarmu da kanta ta gaya wa mijin, shi kuma ya gaya wa nasa. Uwarsa ta yi ɗan ja da baya, aka ɗaga bikin zuwa bayan babbar Sallah, wasu 'yan gulma suka samu abin taunawa na mako biyu. Lokacin da aka ɗaura, Baba ya wuce wata biyu a kan magani, an sake gwada kakinsa ba a ga komai ba, shi ya karɓi sadaki da hannunsa. Yaya ya zo. Da ya durƙusa gaban Baba bai iya haɗa gaisuwar ba, Baba ya dafa kansa ya ce, "Shayinka ya fi na uwarka daɗi, tashi."

Baba ya haɗiyi ƙwayarsa ta ƙarshe a farkon watan Oktoba. Katin da ake yi wa alama kullum yana nan cikin akwatin Inna, tare da takardun gona. Da hunturun bana ya shigo, tsumman da ke tagarsa ba a mayar ba, yana mita cewa za mu kashe shi da sanyi. Makon jiya mura ta kama shi, ya kwana biyu yana tari. Inna ta aiki yara suka karyo sabara, ta tafasa da citta. Da za ta miƙa masa kofin sai ta ɗauki gawayi ta ja layi biyu a bangon madafa, ta ce wa jikar ta riƙa tuna mata kowace safiya a ƙara ɗaya, in sun kai goma sha huɗu a kira mai mashin. A layi na shida tarin ya tsaya.

Leda ta uku tana nan a saman kwabar Inna, ba a buɗe ba. Ta hana a zubar, wai kuɗi ne.